Daƙiƙa Bakwai

Yau na mayar da makullin ofis.
Shekara talatin da huɗu a Ulanbator,
hawa na uku, tagar da ke kallon hayaƙin kwal,
duk sun shige kwali biyu.
Mai gadi ya jinjina ya ce, "Farfesa Dulamsuren, ba nauyi."
Ban yi masa gardama ba.

In an tambaye ni me na yi da ƙuruciyata,
shiru na ƙirga.
Nakan zauna can ƙuryar aji, nesa da murhu,
safar hannu a yanke daidai yatsu,
agogon tsere a tafin hannu.
Malami ya jefa tambaya, in danna.
Ya amsa wa kansa, in danna.
Daƙiƙa ɗaya. Wani sa'in ko ɗayar ba ta cika.
Aji ɗari shida, daga Khovd har bakin Gobi,
duk kanwar ja ce:
mai tambaya ya fi mai amsa gaggawa.

A Zabkhan akwai wani yaro, Sodnom,
sanyi ya tsattsage masa kumatu.
Ya san tumakin ubansa ɗari uku da fuska,
ya san wadda za ta haihu kafin ƙanƙara ta narke,
amma rajista ta ce daƙiƙi ne.
Na ga leɓensa ya soma motsi
daidai lokacin da malama ta kira na gaba.
Ya haɗiye amsar kamar tuwon da ya huce.
Agogona ya ce daƙiƙa ce ba a ba shi ba.

Shekara tara na yi a kwamitin manhaja.
Shayin madara mai gishiri yana sanyi a kofi,
masu lissafi na neman ƙarin awa,
masu tarihi sun ce sai a kan gawarsu,
kowa na jan bargo wajen ƙafarsa.
Ni layi ɗaya nake bara:
bayan tambaya, malami ya dakata daƙiƙa bakwai.
Aka yi dariya, aka ɗaga zama,
aka sake ɗagawa.
Ran da suka gaji da ni suka sa shi
a shafi na arba'in da ɗaya, can ƙasa,
da rubutu kamar sawun tururuwa.

Shekara shida ya yi a raye.
Da aka zo sabon bugu aka ce takarda ta yi tsada.

A tsakanin nan 'yata ta koyi karatu a cinyar kakarta.
Maƙaluna goma sha takwas,
na san kusan duk wanda ya karanta su da suna.
Sodnom kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Bara, da kaka, motarmu ta mutu a wani ƙauye.
Na shiga makaranta don ɗumi kawai.
Wani matashin malami ya tambayi yara
ina ruwan tafki yake tafiya da bazara,
sai ya juya, ya buɗe murhu,
ya ɗauki busasshen kashin shanu ya saka,
ya karkaɗe hannu, ba gaggawa.
Babu agogo a hannuna, da jijiyar wuyana na ƙirga.
Biyar. Kujera ta yi ƙara.
Bakwai.
Tara, wata yarinya mai kitso ɗaya a kwance
ta ɗaga hannu rabi, kamar mai taɓa ruwan zafi.

Da aka tashi na tambaye shi ina ya koyi haka.
Ya sosa ƙeya.
"Haka malaminmu na aji uku yake yi.
Mu da mun ɗauka kunnensa ne ba ya ji sosai."

Na ɗaura gyalena.
Direba yana ta danna oda a waje,
na bar shi ya ɗan jira.