Takalmin Zuwa Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi nake ɗaure igiyar takalmi,
alhali ofishina taku shida ne daga gado.
Na ƙirga. Shida ne,
bakwai in kyanwa ta tare hanya.

Sai in fita, in kulle ƙofa,
in gangara matakalar tudunmu a Valparaíso,
ɗari da sha huɗu, kowacce da irin koɗewar fentinta,
in tsaya inda ake hango jiragen ruwa
sun yi layi kamar masu jiran ganin likita,
in sayi burodi biyu a shagon Hermógenes,
in hauro ina haki.
Da na murɗa mabuɗi, to, na iso wurin aiki.

Hermógenes ya taɓa tambayata,
"Eulogia, ki bar gida don ki shiga gida?"
Na ce masa ƙofar ce ɗaya.

Teburin ma ɗaya ne.
Mayafinsa ne mai fuska biyu:
gefen furanni na miya ne da hira,
gefen da ba ado na lissafin masunta goma sha tara.
Rasit ɗinsu yana zuwa a jiƙe, da ƙarnin kifi,
kuɗin mai, kuɗin ƙanƙara, ɗinkin koma,
wani da fensir, wani da alƙalamin da ya kusa mutuwa.

Gida ba ya son a yi aiki a cikinsa.
Kwanonin jiya suna harara ta.
Tsintsiya ta jingina da bango tana gyaran murya.
Wayata kuwa, uwar masu kira,
na tura ta cikin gwangwanin shinkafa na rufe,
can take ɓarin jikinta har azahar.
Ba na tashi sai mai sayar da gas ya wuce
yana kiɗa tukwanensa da guntun ƙarfe.
Shi ne agogona. Shayi, leƙen taga, minti goma.

Ba haka nake da ba.
A sanyin bara, cikin Yuli,
ruwa ya yi kwana tara yana dukan kwanon rufi,
na ce wa zai fita?
Na zauna da rigar barci har la'asar,
aiki ya bi ni kicin, ya bi ni gado,
ya kwanta tsakanina da matashi.
Kullum ina kan teburi, kullum ban gama ba.
Har na ɗora wa Baldomero bashin da ba nasa ba,
ya hauro matakalar nan duka da ciwon gwiwarsa,
hula a hannu, bai ɗaga murya ba,
ya ce, "Duba mini dai."

A daren nan Millaray,
shekararta takwas, haƙorin gaba babu,
ta zo ta ƙwanƙwasa teburin da ɗan yatsa
kamar mai sallama a ƙofar baƙi.
Ta ce, "Mama, yaushe za ki dawo gida?"

Ina zaune, gwiwata na taɓa tata.

Shi ya sa ƙarfe shida in ta yi
ko a tsakiyar jimla nake, ina ajiyewa.
In juya mayafi, furanni su fito,
in sake gangarawa,
wannan karon ba abin da zan saya,
jiragen sun kunna fitilu,
karen maƙwabta ya raka ni rabin hanya ya gaji.
In hauro. Ba na taɓa mabuɗi.
Ƙwanƙwasawa nake yi.

Yau rasit uku suka rage.
Na danne su da kwalbar gishiri,
ba inda za su kafin safiya.
Ga tafiyarta nan a bayan ƙofa,
tana jan kujera don ta kai ga sakata.