Alli a Bangon Shago

Jatau ya zo daga Bomo wata Laraba,
ya ajiye kafin alƙalami a kan bencina,
ya ce, Cindo, masara ta fara sunkuyar da kai,
ina son injin sussuka kafin a karye ta.
Na ce masa sati biyu.
Bakina ne ya faɗa, hannuna bai ji ba.

Kwana arba'in da ɗaya yana sintiri zuwa Samaru,
kuɗin babur daga aljihunsa.
Ran da na ɗaure bel na ƙarshe
iyalinsa sun riga sun gama da sanda da tafin hannu,
yatsu sun yi kanta,
farashi a kasuwar Giwa ya sauka ya bar shi tsaye.
Bai zage ni ba. Duban injin kawai ya yi
kamar wanda aka kawo wa guga bayan ɗaki ya zama toka.

Lantana ce, 'yar ƙanena mai riƙe mana littafi,
ta ɗauki alli ta nufi bangon shago.
Ta ce, Baffa, zo mu bi sawun kwanakin nan.
Tara, ƙarfe yana hanya daga Kano,
don sai an biya mu muke aikawa.
Shida, muna zaune mun zuba wa ƙwan lantarki ido.
Huɗu a Sabon Gari wurin mai juya ƙarfe,
sandar injin tana layi bayan na wasu.
Uku, fenti ya ƙi bushewa.
Goma sha huɗu kuwa, sai ta yi shiru ta nuna da haɓa:
injuna bakwai na buɗe wa ciki lokaci guda,
kowanne rabi da rabi, babu mai iya tashi.
Ta ja layi a ƙasa.
Yanka da walda da ɗauri, aikin hannu zalla, kwana biyar.
Talatin da shida jira ne ya cinye.

Na ji kunyar tela da aka ritsa ran jajibere.
Shekara ashirin ina zargin wuta da hanya da dillalai,
ashe ɓarawon a shagona yake kwana,
ni nake shimfiɗa masa tabarma.

Ba mu sayi komai ba sai janareta ɗan gwanjo.
Faranti da bel da boris na inji uku
muna tara su tun shuka tana ƙwauri.
Guduma ta san ƙusarta a bango,
sifana ta daina ɓuya a ƙarƙashin tsumma.
Na je na zauna da Dogara mai juya ƙarfe, muka sha shayi,
safiyar Litinin ta zama tawa.
Kuma inji ɗaya a kan benci. Ɗaya tak.
Sai ya tashi ya yi tari ya tofar da totuwa
sannan na biyu ya hau.

Abin da ya fi ci mini rai bai wuce wannan ba:
mutum ya zo da kuɗi a tafin hannu
in ce masa goma ga wata, ba kafin nan ba,
in kuwa kana sauri ga shagon Barau can gaba.
Harshena ya saba da zaƙi, da ƙyar ya koyi lissafi.

Bana wata Hajo daga Shika ta yi oda ran Asabar,
Litinin ta sama injinta yana kuka a bakin gona.
Kwana tara. Lantana ta ce akwai biyu da za a iya aske wa.

Jatau dai bai dawo ba.
Ina ganinsa yana wucewa ran kasuwa,
yakan ɗaga hannu, ba ya rage gudu.
Lissafinsa yana nan a bango, arba'in da ɗaya.
In feshin ruwa ya dushe shi
nakan ɗauki alli in sake bin kansa.