Taswirar da Ɓera Ya Gyara

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa
da jaka guda a aljihu, da ƙasa guda a kaina.
Na tsugunna gindin keken Illa tela ina tsintar ƙyalle.
Ya ce, "Mushe, sana'a ce ko taɓuwa?"
Na ce, "Miƙo karan-miskin can, tafkin Cadi nake nema."
Mai shayi ya ba ni kwalin sukari,
na auno ƙaro, na jiƙa a gwangwani,
ya kwana yana kauri kamar kunun kanwa.

Dare uku ina haɗa Nijar bisa tabarma.
Igiyar rama ta zama iyaka,
na lanƙwasa ta inda Nasara ya lanƙwasa.
Na barbaɗa yashi a arewa,
na dasa tsakuwa, na ce ku ne duwatsun Azbin.
Kowane gari ƙwayar gero,
manyan birane wake, Yamai gujiya.
Kogi kuwa zaren ulu, shuɗi.
Shuɗi!
Har rumfa huɗu na zaga ina neman launin.
Dubi wautar mai ido.

Litinin Tsahara ta ɗora yatsu goma,
ta yi shiru, ta janye su kamar ta taɓa garwashi.
"Mushe, hayaniya ta yi yawa.
Garuruwanka duk suna magana lokaci ɗaya
kamar ƴan kamasho a tasha.
Kogin nan kuma ɗumi gare shi, kamar bayan tunkiya.
Wa ya taɓa jin ruwa da gashi?"
Nomau bai taɓa ba, shinshinawa ya yi,
ya ce ashe ƙasarmu ƙamshin sukari take.

Da dare ɓera ya shigo aji.
Ya ci Maraɗi, ya ci Damagaram,
ya gutsiri Doso ya bar saura,
ƙananan garuruwa ya share su kaf.
Na tsaya da safe, takaici ya tokare mini wuya.
Tsahara ta shafa, ta yi dariya:
"Yau ta fi. An sami hanya daga nan zuwa Agadas."

Sai na ɗaure idona da rawani,
na aika ɗan yatsa tafiya cikin aikin hannuna.
Ban kai Ƙonni ba na ɓata.

Yanzu maɓalli bakwai ne, babu mai kama da wani,
marfin kwalba shi ne Yamai.
Kogi wayar birki ce daga mai gyaran keke,
ko da rana tsaka da sanyinta.
Sunaye Nomau ya huda su da tsinke, ɗigo ɗigo,
na manna kowanne nesa da maƙwabcinsa.
Abin da ya fi tsada cikin kayan aikin nan
shi ne wurin da ba a sa komai ba,
kuma ba a sayar da shi ran Lahadi.

Jiya yatsan Tsahara ya tashi daga Tawa,
ya yi kudu, ya karkata yamma,
ya haura igiyar rama, ya ƙare kwalin,
ya sauka bisa katakon tebur, yana ta tafiya.
"Abijan ta nan take? Can babana yake."
Na ce ta nan take, amma da sauran nisa.
Ta bar yatsan a wurin, bisa katako tsirara.
"To gobe ka koma wurin mai shayi."