Kunya Biyar a Tudun Wada

Baba Davou ya ja layi biyar da alli
a jikin ƙofar ɗakinsa,
ya ce, "Kunya biyar ke nan, kamar gonar dankali a Vom.
Sauti iri ne. Ko ka dasa shi kan kunya,
ko ka jefa shi cikin kwari.
Na sama siriri, na ƙasa mai kauri."

Ni kuwa da kalangun babana na zo,
a naɗe cikin buhun shinkafa,
saboda ruwan Jos ba ya sallama.

Ya zana wata ƙugiya a bakin layi.
"Mabuɗi. In babu shi,
ɗige-ɗigen nan duk kashin ƙuda ne."
Ya zauna gaban tsohuwar hamoniya,
ƙafa na zuga, yatsu na hawa,
do, re, mi, har takwas.
Tsani, in ji shi, mai mataki bakwai,
na takwas gidan da ka baro ne, sai dai a bene.

Farin ƙwai, bugu huɗu.
Ka kafa masa sanda, ya dawo biyu.
Ka cika cikinsa da baƙi, ɗaya.
Ka ɗaura masa wutsiya, sai ya zura da gudu.
Na ƙirga da yatsa, na ɓata,
na sake,
matarsa Ngo Kaneng tana dariya daga madafa:
"Shekara talatin yana koya min, har yau a kunne nake riƙewa."

Ya danna uku tare.
"Jituwa. Duwatsun murhu ne,
ɗaya ya goce, tukunya ta kife."
Ya zame yatsan tsakiya rabin mataki,
sai ɗakin ya yi sanyi
kamar an buɗe taga wajen dutsen Shere.
Rabin mataki kawai
tsakanin biki da makoki.

A mako na shida na kwance buhu.
Na ce, Baba, ga abin da ya kawo ni.
Babana, Ɗan'azumi mai kalangu,
shekara arba'in yana yi wa mahauta kiɗa a kwata.
Bara aka binne shi.
Takensu yana hannuna, amma yana zuba
kamar gero a ɓulallen ƙoƙo.
A rubuta min shi.

Na matse tsarkiya a hammata, na buga.
Kalangu ya yi magana,
ya hau, ya sulale, ya tsaya inda babu mataki.
Baba Davou ya ɗora alli kan kunya ta biyu,
ya goge. Ya sa a kwari. Ya goge.
Hannun rigarsa ya yi fari fat.
"Ubanka ba ya hawa tsani," ya ce,
"gangara yake bi, kamar akuya a kan dutse.
Gonata ta yi masa kaɗan."

Muka yi shiru.
Ruwa na kaɗa nasa a kan kwano, ba ruwansa da mabuɗi.

"Sake bugawa. Can tsakiya, me ya sa ka tsaya?"
Na ce nan ne yake ɗaga makaɗi,
ya dubi Sarkin Fawa, ya ja numfashi.
"To, wannan ina da shi."
Ya zana ɗan baƙin tubali
yana reto a ƙarƙashin layi na huɗu.
"Hutu. Shi ma ana ƙirga shi. Bugu huɗu cif."

Shi kaɗai na kwafa a littafina ranar.
Na hau keke Napep zuwa Dilimi,
buhu a cinya, leɓena na motsi:
ɗaya,
biyu,
uku.
A na huɗu na ji tarinsa.