Makulli a Aljihu

Magazin ta Suwame, ƙarfe bakwai,
Masta Boateng ya miƙo min sandar aksil ɗin tifa:
"Ɗaure ta, Tanimu."
Haƙoran cok uku suka cije,
na murɗa, na ƙara murɗawa har da nishi.
Hannuna ya nufi makunni,
ya make shi.
Ashe makulli na tsaye a kan cok, na manta.

Bai yi faɗa ba. Leɓe ya ɗage,
ya nuna min giɓin da na ɗauka na dambe ne.

Yanzu wuƙa na shiga sannu,
kaurin gashi, sai wani kaurin gashi,
ƙarfe na zubar da shuɗiyar sumarsa a ƙafata.
Makulli na aljihu.
Ina ta lalubarsa
kamar kuɗin torotoro na ƙarshe.