Ɗakin da Ba Wanda Ya Gina

A Zango, bayan shagon mai faci,
Bukari Mai Tele ya kafa rumfa:
tele ɗaya mai ƙusumbi, benci biyu,
da kaset ruwan ɗorawa wadda sunanta ya goge.
Dala biyar, rai uku.
In sun ƙare ka tashi, wani na jiran benci.

Mukan hura kaset kamar masu tofi,
mu lasa, mu goga a riga,
mu tura ta rami da bisimilla.
Sai ɗan mutum ya fito, bai kai ɗan yatsa ba,
yana gudu dama, kullum dama,
kamar an hana shi waiwaye.

Zabeiru ne ya faɗa ciki.
Alhamis ce, Kasuwar Dole ta cika ta batse,
kuran ya ja numfashi, bai ɗauke ba, bai zauna ba,
daidai sa'ad da ya yi tsalle a gadar mataki na uku.
Bai faɗa rami ba. Bai haye ba.
Bango ya haɗiye shi.

Can ciki sama kore ce shar,
gajimare rabi-rabi kamar an bi su da reza,
ƙasa kuwa baƙaƙe ne, ba boko ba, ba ajami ba.
Dodon da ke cinye mu kullum
yana tsaye ƙafa sama, babu kai,
muka ratsa ta cikinsa bai ce uffan ba.
Kiɗa ya maƙale a sauti ɗaya
kamar sauro a kunne.
Agogon da ke ƙirga mana ajali
ya tsaya a sifiri, ga mu kuma da rai.

Har ruwa akwai, yana zuba daga babu zuwa babu.
Mu da ke kwana layin famfo da jarka!
Tasi'u ya miƙa yatsa ya taɓa gilashi.

Dala biyar ta kai mu magariba.
Bukari ya leƙo, ya mari tele a ƙeya,
ya ce aljanu ne, ya ce cutarsa muke,
ya fizge waya.

Sati uku muna neman ƙofar.
Mun roƙi kuran ya yi rauni,
mun zaro kaset kaɗan, kaurin farce,
mun cusa tsinken ashana a gefenta.
Sau ɗaya tak ta sake buɗewa,
ranar an aike ni niƙa.
Har yau ban yafe wa geron nan ba.

Da yamma mukan hau duwatsun Birni,
waɗanda aka jibge wani kan wani aka tafi.
Zabeiru ya ce: ku duba, nan ma ba a gama ba.
Ya riƙa jingina kafaɗa a tsagar dutse
ko za ta karɓe shi.

Yanzu salula yake gyara a bakin tasha,
tabarau a hanci, furfura ta fara leƙo gemu,
aikinsa toshe irin waccan ƙofa.
Bara na tambaye shi muna shan shayi.
Ya ce: Wane sirri? Tsatsa ce da yawunmu.
Na'ura ta rasa inda za ta kai mu,
sai ta kwaso tarkacen da ta tarar
ta shimfiɗa mana a matsayin ƙasa.
Ba wanda ya zana wurin,
mai wasan ma bai san da shi ba.

Na ce: To ai shi ya sa.

Ya yi shiru yana juya kofi.
Fanka ta rage gudu, ƙwan fitila ya yi ja,
kuran na jan numfashi.
Na ga babban yatsansa a kan tebur
ya danna, sau ɗaya,
daidai gada.