Yaɓen Ciki

Cindo ya faɗi a Mil Tuwal da buhun albasa a ka,
ranar Talata, ana yayyafi.
Cikinsa ya ɗaure tam kamar ganga,
ko rigarsa ta goge shi sai ya yi ƙara.

Na ruga Agege wurin Gwaggo Tabawa,
mai tabarmar saiwoyi a bayan layin dogo.
Na ce ta ba ni abin kashe wutar.
Ko ƙullinta ba ta kwance ba.
"Ka taɓa cikin?" Na taɓa.
"Da tauri?" Kamar katako.
"To ba nawa ba ne tukuna, ɗan nan.
Kai shi Idi-Araba, masu wuƙa su fara.
Ni mai yaɓe ce.
Ba a yaɓe ɗaki yana ci da wuta."

Awa uku a cunkoson Oshodi,
kansa a cinyata, kwandasta na zagin sama da ƙasa,
ni kuwa ina ƙirga numfashi.

Suka ce hanji ne ya huje, ruɓa ta malale.
Suka yanka, suka wanke, suka ɗinke.
Roba a hanci, roba a hannu,
roba a kuiɓi tana ɗigar da ruwa
mai launin kwatar Ijora.
Na sayar da wayata. Na sayar da baronsa,
ban gaya masa ba.

Da aka sallame mu, ƙwayoyi goma sha ɗaya a rana,
kowacce ta sauka sai ta ƙone wurin da ta sauka.
A nan Gwaggo ta zo, da lema mai karyayyen haƙarƙari:
ɓawon dargaza da ya kwana a ruwa har ya yi yauƙi,
garin ɗanyar agade daga hannun Iya Sikiru maƙwabciyarta,
zuma cokali guda.
"Kai wa likitan ya gani," in ji ta, "kada mu yi masa shuka a gona."
Likitan ya girgiza kwalbar, ya shinshina, ya ɗan yi shiru.
Ya ce a ba da tazara tsakaninsu,
kuma nasa kada a fasa ko ɗaya.

Babanmu magini ne.
Yakan ce damina ba ta kayar da bango
sai ta inda yaɓe ya ɓare.
Na tuna da shi ina kallon maƙogwaron Cindo
yana hawa yana sauka,
yauƙin na bin hanya a hankali,
yana shafe bangon da ba wanda zai gani.

Daren nan ya yi barci har asuba.
Ni ne ban yi ba, don shirun ya ba ni tsoro.

Gwaggo ta ƙi kuɗi.
Albasa uku, ta ce, ranar da ya koma ɗaukar kaya.
Har yau bai koma ba, ɗinkin na ja idan hadari ya haɗo.
Makon jiya na sayi uku manya na kai mata.
Ta juya su, ta miƙo mini.
"Nasa na ce."